Daga kwalejin al'umma zuwa jami'a a Amurka: nawa ne nauyin ayyukan wajen aji a sikelin masu tantancewa?

Wanda ya yi difloma ko NCE a Najeriya, sannan ya nemi shiga jami'a aji biyu ta hannun JAMB, ya san abin da ake dubawa: takardar sakamako, darajar da ya fita da ita, da kiredit ɗin sakandare. Babu mai tambayarsa ko ya taɓa riƙe kuɗin wata ƙungiya, ko yana koyar da yara a ƙarshen mako. A Amurka akwai hanya mai kama da wannan. Ɗalibi ya yi shekara biyu a kwalejin al'umma, inda kuɗin makaranta ke da sauƙi kuma ƙofar shiga a buɗe take, sannan ya kwashi yunit ɗin da ya tara, wato ƙididdigar kwasa-kwasan da ya ci, ya koma jami'a ya ƙarasa digiri a aji uku da huɗu. Sai dai fom ɗin da zai cika a can sau da yawa yana ɗauke da wani shafi da ke tambayar abin da yake yi idan ya fita daga aji. A kan wannan shafi ne ɗalibai ke rabuwa gida biyu. Wasu su bar shi kusan fayau don suna ganin ba su da abin rubutawa, wasu kuma su bazama shiga ƙungiyoyi har karatun ya sha kashi. Dukansu ba su gane aikin da shafin yake yi ba.

Kafin a kai gare shi, a san inda gizo ke saƙar. Binciken da cibiyar nazarin kwalejojin al'umma ta Jami'ar Columbia ta daɗe tana yi ya nuna kusan 80 cikin 100 na masu shiga waɗannan kwalejoji suna da burin digiri, amma kimanin kashi ɗaya bisa uku ne ke samun komawa jami'a, kuma wajen 16 cikin 100 ne ke riƙe da digirin bayan shekara shida. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka, GAO, ya ƙiyasta a rahotonsa na 2017 cewa masu sauya makaranta sun yi asarar kimanin kashi 43 cikin 100 na yunit ɗin da suka tara. Waɗannan alƙaluma ba na rashin ƙungiya ba ne. Kuɗi ne, da aiki, da ɗaukar kwas ɗin da jami'ar da ake so ba ta karɓa. Duk maganar da za a yi kan ayyukan wajen aji a bayan wannan take.

Ƙofa uku, kowace da sikelinta

Ƙofa ta farko ita ce ta alkawari. Jihohi da dama sun rubuta yarjejeniya cewa wanda ya cika sharuɗɗa kaza za a ba shi gurbi. A Kalifoniya, dokar da aka sa wa hannu a 2010 ta samar da diflomar komawa jami'a da ake kira ADT, kuma mai riƙe da ita yana da tabbacin gurbi a tsarin jami'o'in jiha na CSU, ko da yake ba lalle a harabar da ya fi so ba. Fom ɗin CSU ga mai komawa daga kwaleji ba ya neman maƙala ko wasiƙar shaida a mafi yawan kwasa-kwasai. Lissafi ne: yunit 60, kwasa-kwasai huɗu na tushe, da matsakaicin maki. Haka tsarin TAG, wato alkawarin gurbi na Jami'ar Kalifoniya (wadda tsarinta daban ne da CSU), wanda harabobi shida ke ciki: Davis, Irvine, Merced, Riverside, Santa Barbara da Santa Cruz. Ana cika shi a watan Satumba, kuma abin da yake nema shi ne maki da kwasa-kwasan da aka gindaya. A Fulorida mai diflomar shekara biyu ta AA daga kwalejin jiha yana da tabbacin gurbi a ɗaya daga jami'o'in jihar. A wannan ƙofa, shugabancin ƙungiya goma ba zai cike gurbin kwas ɗin lissafi guda da ba a ɗauka ba.

Ƙofa ta biyu ita ce ta manyan jami'o'in gwamnati masu gasa, irin harabobin Jami'ar Kalifoniya na Berkeley, Los Angeles (UCLA) da San Diego, waɗanda ba sa cikin TAG. Mafi ƙarancin makin da Jami'ar Kalifoniya ke karɓa, a ma'aunin da ƙarshensa 4.0 ne, shi ne 2.4 ga ɗan jiha, 2.8 ga wanda ba ɗan jiha ba, amma a fannonin da ake rububi kamar kimiyyar kwamfuta, injiniya da tattalin arziki, waɗanda ake ɗauka makinsu ya fi kusa da 4.0 fiye da waɗancan lambobi. Idan ɗalibai ɗari suka zo da maki kusan iri ɗaya, duk sun gama kwasa-kwasan share fage, kujerun kuma ashirin ne, dole mai karanta fom ya nemi abin da zai raba su. A nan ne shafin ayyuka da maƙaloli ke fara magana.

Ƙofa ta uku ƙunci gare ta. Harvard a shekara ba ta cika wuce ɗaukar mutum goma sha wani abu ta wannan hanya ba. Princeton ta daina karɓar masu komawa shekara da shekaru, sai a 2018 ta sake buɗewa, ta kuma bayyana cewa hankalinta na kan 'yan kwalejin al'umma, tsofaffin sojoji da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. A irin waɗannan wurare maki mai kyau tikitin shiga layi ne kawai, labarin mutum da abin da ya yi da hannunsa su ke yanke hukunci. Wasu jami'o'in kuɗi kamar Cornell da Jami'ar Kudancin Kalifoniya (USC) suna ɗaukar ɗaruruwa ko fiye, don haka kada a yi musu kuɗin goro da Harvard.

Akwai hanya mai sauƙi ta sanin wace ƙofa ce a gabanka. Yawancin jami'o'i suna wallafa wata takarda duk shekara mai suna Common Data Set. Sashen D nata na masu komawa ne: nawa suka nema, nawa aka ɗauka, me ake buƙata. Idan jami'a tana ɗaukar 70 cikin 100 na masu nema kuma ba ta neman maƙala, mutum ya san inda zai sa ƙarfinsa. Idan 5 cikin 100 take ɗauka, shi ma ya sani.

Lokacin gajere ne fiye da yadda ake zato

Ana cewa kwalejin shekara biyu ce, amma wanda zai nemi Jami'ar Kalifoniya yana miƙa fom ne daga farkon Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba na shekararsa ta biyu. Idan ya fara a watan Agusta, ke nan wata goma sha biyar kacal gare shi kafin ya rubuta abin da ya yi: zango biyu cikakku, hutun bazara ɗaya, da rabin zango na uku. Jami'o'in kuɗi kan rufe nasu ne wajen Fabrairu zuwa Maris, abin da ke ƙara wata uku ko huɗu. Ɗan sakandare shekara huɗu yake da su na gina irin wannan tarihi. Masu tantancewa sun san da wannan bambanci, shi ya sa ba sa jiran ganin jeri mai tsawo daga ɗan kwaleji. Amma hakan na nufin wanda ya ce bari ya saba da wuri tukuna, ya shiga harkoki a shekara ta biyu, zai zo cika fom da aikin wata biyu a hannu.

A yi lissafin mako kuma, domin a nan ne abin ke lalacewa. Ƙa'idar da malamai ke bi ita ce kowace awa ɗaya a aji tana son awa biyu na nazari a gida. Mai yunit 15 ke nan yana da awa 45. Ya ƙara aikin albashi na awa 20, sun zama 65. Barci awa 56. Daga awa 168 na mako saura 47, kuma a cikinsu ne za a shiga bas ko jirgin ƙasa, a dafa abinci, a yi ibada, a kai ƙani makaranta. Abin da zai rage na gaskiya bai cika wuce awa biyar zuwa takwas ba. Wannan ya ishi abu ɗaya mai nauyi da wani ƙarami a gefe. Bai ishi ƙungiya biyar ba. Wanda ya ƙi jin wannan lissafi, a watan Oktoba ko Maris, lokacin jarrabawar tsakiyar zango, zai gane taura biyu ba ta taunuwa. Sai ya janye daga kwas ɗin kalkulas, harafin W, alamar janyewa, ya hau takardarsa, kwas ɗin fiziks da ya dogara da kalkulas ya ja baya da zango guda, daga nan kuma ya rasa sharaɗin gama share fage kafin bazara. W guda ɗaya ba ya kashe fom. Abin da ke kashewa shi ne sarƙar kwasa-kwasan da ya tsinka. Shafin ASSIST na Kalifoniya yana nuna kwas da kwas abin da kowace haraba ke karɓa daga kowace kwaleji, kuma ya kamata a buɗe shi tun zangon farko, kafin a san inda ɗakin taron kowace ƙungiya yake.

Abin da ake ƙirgawa a matsayin aiki

Wannan shi ne wurin da ya fi damun mai wannan rubutu, domin a nan ne ɗalibai masu ƙoƙari ke cutar kansu da kansu. Fom ɗin Jami'ar Kalifoniya yana ba da gurbi har 20, an kasa su gida shida: lambobin yabo, shirye-shiryen share fagen karatu, ayyukan wajen aji, wasu darussa na daban, aikin sa-kai, da aikin albashi. Fom ɗin Common App, wanda jami'o'i da yawa ke amfani da shi tare, na masu komawa shi ma yana da sashen abubuwan da mutum ya yi, ana iya sa aikin albashi da hidimar iyali a ciki. Ma'ana, kanti, gidan kula da tsofaffi, tuƙi, gadi, shagon kitso, duk suna da wurin zama a fom.

A ɗauki yarinyar da iyayenta 'yan zango ne daga Kumasi ko Accra, suna zaune a Bronx a birnin New York, tana karatu a ɗaya daga kwalejojin al'umma na CUNY, jami'ar birnin. Da safe tana aji. Da rana tana taya mahaifiyarta a shagon kitso, ita ke amsa waya, ita ke rubuta sunayen masu zuwa, ita ke lissafin kuɗin gashi da na haya. Duk ranar da kakarta za ta ga likita, ita ce tafinta tsakanin Hausa da Ingilishi. Asabar da Lahadi tana koyar da yara a Islamiyyar masallacin unguwa. Idan aka tambaye ta ayyukan wajen aji, sai ta sunkuyar da kai ta ce ba ta da su, don a tunaninta sai ƙungiyar muhawara ko jaridar makaranta. Alhali a gaban mai tantancewa tana da abu huɗu masu nauyi, kuma su ne ke bayyana yadda maki 3.7 nata ya fi 3.7 na wanda ba shi da nauyin kowa a kansa. Ƙa'idojin tantancewa na Jami'ar Kalifoniya sun ambaci duba nasarar karatu ta la'akari da halin rayuwar ɗalibi. Amma ba za a yi la'akari da abin da ba a rubuta ba.

Tarbiyyarmu tana da hannu a nan. An koya mana cewa yabon kai jahilci, kuma hidimar iyaye ba abin tallatawa ba ce. Gaskiya ne. Sai dai faɗin awa nawa ka yi kana aiki ba yabon kai ba ne, ba da bayani ne ga wanda zai yanke hukunci a kanka cikin 'yan mintoci, bai san gidanku ba, bai taɓa jin sunan unguwarku ba.

Haka maganar haddar Alƙur'ani. Mai karanta fom a Los Angeles ko Ithaca zai iya kasa gane girman abin idan aka rubuta kalma ɗaya aka wuce. A faɗa masa: littafi ne mai shafi kimanin 600, cikin Larabci, an haddace shi cikin shekara kaza, ana tilawa awa kaza a mako don kada ya zube, ana jan sallar dare da shi a watan azumi gaban mutum kaza. Wanda ya karanta wannan ya ga naci da horon kai, waɗanda su ne yake nema tun farko.

Bayan aikin albashi da na gida, abin da ya fi nauyi shi ne wanda ya haɗu da fannin da mutum zai karanta. Dalilin a bayyane yake. Ɗan sakandare ana ɗaukarsa ne jami'a gaba ɗaya, ya yi shekara biyu yana lalube. Mai komawa daga kwaleji sau da yawa sashe ne yake nema kai tsaye, kuma daga ranar farko zai zauna a kwasa-kwasan aji uku. Shi ya sa a cikin tambayoyin maƙala na Jami'ar Kalifoniya akwai guda ɗaya ta dole ga masu komawa: ka bayyana yadda ka shirya wa fannin da ka zaɓa. Sauran uku mutum ke zaɓa daga cikin bakwai, kowace amsa kada ta wuce kalma 350. Wanda zai karanta aikin jinya kuma ya yi wata goma yana aiki a gidan kula da tsofaffi yana da amsar tambayar dole a hannunsa. Wanda zai karanta lissafi kuma cibiyar taimakon karatu ta kwalejin ta ɗauke shi yana koya wa 'yan'uwansa aljabra, shi ma haka. Wannan aikin koyarwa yana daga cikin mafi riba: ana biya, a cikin makaranta yake, yana ƙara wa mutum ƙwarewa a darasin, kuma yawanci sai malami ya shaide ka ake ɗauka, ka ga ka sami mai rubuta maka wasiƙa.

Wasiƙar shaida kuwa, Jami'ar Kalifoniya ba ta nemanta lokacin miƙa fom, sai a wasu sassa na musamman. Jami'o'in kuɗi suna nema, kuma daga malamin kwaleji suke so. Malamin da ya san ka a aji kaɗai zai rubuta cewa ka ci A. Wanda ya ga yadda ka tafiyar da ƙungiyar da yake ubanta, ko ka taya shi a ɗakin gwaje-gwaje, zai rubuta abin da takardar sakamako ba ta faɗa ba.

Shirye-shirye masu suna, da abin da suke bayarwa a zahiri

Phi Theta Kappa, ƙungiyar zaƙaƙuran ɗaliban kwalejojin shekara biyu da aka kafa a 1918, takan gayyaci wanda ya tara yunit 12 da maki wajen 3.5, a biya kuɗin rajista sau ɗaya. Zama mamba kaɗai maimaita abin da makinka ya riga ya faɗa ne. Amfaninta biyu: jami'o'i da yawa suna ware wa mambobinta tallafin kuɗi, sannan reshen kwaleji wuri ne da mutum zai riƙe muƙami ya gudanar da aiki na gaske. A duba jerin jami'o'in da ake so, idan suna da irin wannan tallafi, kuɗin rajistar ya biya kansa.

Shirin darussan zaƙaƙurai ya fi ta ƙarfi a wasu wurare, domin yana tsakanin aji da wajen aji. UCLA tana da yarjejeniyar TAP da kwalejoji da dama a Kalifoniya, wadda ke ba wanda ya kammala shirin fifikon dubawa a kwalejinta ta adabi da kimiyya. Akwai kuma MESA ga masu lissafi, injiniya da kimiyya, da Umoja, da Puente, da EOPS, duk shirye-shiryen tallafa wa ɗalibai ne a kwalejoji. Waɗannan suna shiga gidan shirye-shiryen share fage a fom, amma babbar ribarsu ita ce mai ba da shawara da ya san sunanka, ya zauna da kai ya tsara kwasa-kwasan zango huɗu.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke sa ko mai bin ƙofar alkawari kada ya yi watsi da ayyuka gaba ɗaya. Tallafin gidauniyar Jack Kent Cooke ga masu komawa jami'a yana kaiwa har dala 55,000 a shekara. Maki 3.5 sharaɗin nema ne, amma ana duba buƙatar kuɗi, juriya, jagoranci da hidimar jama'a. Ƙananan tallafi na gidauniyar kwaleji da na sassan jami'a su ma irin tambayoyin suke yi. Mutum zai iya samun gurbi da maki zalla, ya kasa zuwa saboda ba shi da abin rubutawa a fom ɗin tallafi.

Ga mai bizar ɗalibi

Wanda ya zo daga Kano ko Yamai da bizar ɗalibi ta F-1 dokarsa daban ce, kuma kuskure a nan ya fi faɗuwa jarrabawa tsada. Dole ya riƙe aƙalla yunit 12 kowane zango. Aikin cikin makaranta an yarda masa har awa 20 a mako lokacin karatu. Aikin waje sai da izini: CPT, izinin aikin da ya shafi karatu, wanda jami'in kula da ɗaliban ƙasashen waje na kwalejin ke rubutawa a takardar I-20 ta shaidar ɗalibcinsa, yawanci bayan shekarar karatu ɗaya cikakkiya, kuma sai aikin ya zama wani ɓangare na kwas. Kai saƙon abinci da keke ko tuƙa mota ta manhajar waya ba sa cikin abin da aka halatta. Tarkon da ya fi kama mutane shi ne aikin da ba a biya. Raba abinci a masallaci, coci ko wata ƙungiyar agaji aikin sa-kai ne. Zama a kamfani kana yin abin da a ƙa'ida ake biyan wani ya yi, ko da ba ka karɓi sisi ba, ana iya ɗaukarsa aiki ba da izini ba. A tambayi jami'in kafin a fara, a kuma samu amsar a rubuce.

Wasu shirye-shiryen bincike na bazara da ake yawan ba da shawararsu a rufe suke gare shi. Shirin bincike na REU na hukumar kimiyya ta ƙasa, NSF, da horon ɗaliban kwalejin al'umma na ma'aikatar makamashi na 'yan ƙasa ne da masu katin zama na dindindin, shirin NASA na ɗaliban kwaleji kuwa na 'yan ƙasa ne. Kada ya ɓata Janairu yana cika fom ɗinsu. Abin da ke hannunsa shi ne malamin kwalejinsa mai ɗan bincike, cibiyar koyarwa, majalisar ɗalibai, da aikin da zai gina da kansa ya ajiye inda za a gani.

Yadda ake rubutawa

A fom ɗin Jami'ar Kalifoniya kowane aiki yana da haruffa 350 na bayani, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, wato jimla uku ko huɗu. Da Ingilishi ake cikawa, amma ga ma'anar misali biyu na aiki ɗaya. Na farko: mamba a ƙungiyar ɗalibai Musulmi, na halarci tarurruka, na taimaka wajen shirya buki, na koyi jagoranci da aiki tare. Na biyu: ma'ajin ƙungiya zango biyu, na riƙe kasafin dala 1,800, na rubuta takardar neman kuɗi ga majalisar ɗalibai aka amince, na shirya buɗa-baki sau 8 na mutum kimanin 60, na sasanta da hukumar kwaleji aka ba da ɗakin salla. Na farkon kowa zai iya rubuta shi ko da bai taɓa zuwa taro ba. Na biyun sai wanda ya yi. Bambancin shi ne fi'ili na aiki, lamba, da abin da ya canja. Kada a ɓata haruffa wajen bayyana ƙungiyar da kowa ya sani, kada kuma a rufe da darasin da aka koya. Wannan wurinsa maƙala.

Fom ɗin yana tambayar awa nawa a mako da mako nawa a shekara. A haɗa jimillar kafin a tura. Idan ayyukan da aka lissafa a zango ɗaya suka kai awa 70 a mako ga mai cikakken karatu, mai karatu zai daina yarda da sauran. Jami'ar Kalifoniya kuma tana zaɓen wasu fom ta nemi hujjar abin da aka rubuta, kamar takardar albashi ko wasiƙar shugaban wurin, kuma ƙarya na iya jawo soke gurbin. Littafin rubutu ƙarami ko fayil a waya, a riƙa sa kwanan wata, awa, da sunan mai kula tun zangon farko, shi ke raba mutum da kame-kame a watan Nuwamba.

Gurbi 20 ba umarni ba ne. Shida ko takwas masu ƙwari sun fi 20 da rabinsu taron yini ɗaya ne. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. A sa mafi nauyi a sama. Ayyukan sakandare a bar su sai wanda ya ci gaba har kwaleji ko wanda ya yi fice sosai, kamar lambar yabo ta jiha ko ta ƙasa. Wanda ya yi shekaru yana aiki ko kasuwanci kafin ya dawo karatu kuwa ya rubuta su duka, don su ne jarinsa. Kafa sabuwar ƙungiya wata ɗaya kafin rufe fom, don a sami kalmar wanda ya kafa, tsohuwar dabara ce da masu tantancewa suka gani har suka gaji, kwanan watan kaɗai ya isa ya tona ta. Gara mutum ya karɓi ƙungiyar da ta kusa mutuwa ya tashe ta, ya faɗi mambobi nawa ya tarar, nawa ya bari.

Idan wani zango maki ya faɗi saboda an ƙara wa mutum awannin aiki ko rashin lafiya a gida, akwai sashen ƙarin bayani mai ɗaukar kalma 550. A faɗi abin da ya faru, wane zango, da abin da ya biyo baya, cikin jimloli kaɗan ba tare da roƙo ba. Shafin ayyuka ne zai gaskata shi: idan an ce aiki ya ƙaru zuwa awa 35 a zangon bazara, awannin da aka rubuta a gurbin aikin su nuna haka.

Bayan an tura fom aiki bai ƙare ba. A watan Janairu Jami'ar Kalifoniya tana buƙatar mai komawa ya sabunta bayanin karatunsa, ya sa makin zangon da ya gama da kwasa-kwasan da yake ɗauka, kuma 31 ga Janairu ce ranar da ake son a gama. Amsa takan fito zuwa ƙarshen Afrilu, gurbin kuma da sharaɗi yake zuwa: a gama kwasa-kwasan da aka yi alkawari da makin da aka gindaya. Zangon ƙarshe shi ne lokacin miƙa ragamar ƙungiya ga na baya da rage awannin taro, domin D guda a kwas ɗin share fage a watan Mayu tana iya sa a janye gurbin da aka bayar a Afrilu.